Adakar Goni Zarami

A daminar shekarar da aka gama yaƙin basasa, ruwa ya kwana uku yana zuba a Yola bai ɗauke ba. Rana ta huɗu da hantsi, bangon gabas na ɗakin marigayi Goni Zarami ya sulale ƙasa. Ko ƙara bai yi ba. Sai da Hajja Hamsatu ta fito zubar da ruwan wanke-wanke ta ga kwanon rufin ya karkace, laka ta malale har tsakar ɗaki.

Hajja Hamsatu ita ce babbar 'yar marigayin. Shekarunta sun kusa sittin, mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata uku duk suna gidajen mazajensu, don haka ta dawo gidan mahaifinta a Yola Gari ta zauna. Sana'arta haɗa turaren wuta da humra, kuma babu amaryar da za a kai a unguwar ba a biyo ta wajenta ba. Mahaifinta daga Borno ya zo tun yana saurayi, ya yi shekara arba'in da wani abu yana karantarwa a zauren gidan. Da ya rasu ɗalibai suka watse, aka rufe ɗakinsa. Duk Juma'a takan buɗe ta share, ta goge baƙar adakar ƙarfen da littattafansa ke ciki, ta sake rufewa. Shekara ashirin da biyu tana haka, ba ta taɓa ɗaga murfin ba. Babu wanda ya hana ta. Ta dai taso ne ta ga ba mai taɓa adakar sai shi.

Akwai abubuwa da yawa da ba a taɓawa a gidan nan, har da zancen mahaifiyarta. Sunanta Mairam, ta rasu Hamsatu ba ta cika shekara biyu ba. Goggonta ce ta raine ta, kuma iyakar abin da takan ce game da Mairam shi ne gajeriya ce, ba ta da yawan magana. Shi kuwa Goni, in aka ambace ta, sai ya ce Allah ya jiƙanta, ya nemi butarsa.

Ranar nan dai dole ta ɗaga murfin. Ta kira maƙwabta biyu suka ja adakar zuwa rumfa. Alƙur'anin da Goni ya rubuta da hannunsa yana sama, cikin gafakarsa ta jar fata, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Amma da ta ɗauke shi sai wani wari ya taso, irin na rijiyar da aka daɗe ba a ja ba. Gindin adakar ya ci tsatsa ya huje, ruwa ya shiga, kuma tun kafin ruwan ashe gara ta daɗe da samun hanya. Gafakoki biyar ne a ƙasa. Biyu sun jiƙe sharkaf, ɗaya kuwa da ta ɗaga sai gefenta ya zube kamar garin rogo.

Washegari rana ta fito. Ta shimfiɗa tabarmi huɗu a tsakar gida, ta zazzage takardun tana jera su ɗaya bayan ɗaya, tana danne kowace da tsakuwa. Ta shiga salla ke nan sai iska ta taso, irin wadda ke zuwa gaban hadari. Kafin ta sallame, takardu sun cika gidan. Wasu a kan danga, wasu a bakin murhu, ɗaya har cikin kwatarniyar awaki. Ta bi su tana tsincewa da guiwa da hannu, ta haɗa su a zaninta kafin ruwa ya sauko. Ba ta rasa ko ɗaya ba, amma ta san ɓarnar da ta yi. Littattafan zamanin da ba ɗinke su ake yi ba, kuma ba su da lamba. Kalma ɗaya ce a gindin kowane shafi ke nuna wanda zai biyo baya. Ita ta iya karatun Alƙur'ani, tana kuma rubuta ajami, amma Larabcin littattafai ya fi ƙarfinta. Littafi nawa ne ma ta cakuɗa, ba ta sani ba.

Ta aika aka kira Modibbo, malamin unguwa, wanda ya yi karatu a gaban mahaifinta. Ya zo ya zauna a rumfa ya daɗe yana jujjuya takardun, wasu suna karyewa a hannunsa.

"Hajja, gaskiya zan faɗa miki," in ji shi. "Abin da ya rage mai kyau bai kai rabi ba, kuma mai jera wannan sai wanda ba shi da wani aiki a duniya. Akwai sunan Allah a ciki. Abin da ya fi, a naɗe su a farin ƙyalle a binne a wuri mai tsarki, kada su wulaƙanta."

Ta san ba da mugunta ya faɗa ba, haka ake yi. Har ta sayi yadi biyu na alawayyo. Amma kwana shida ƙyallen yana ajiye a kan adaka ta kasa naɗewa.

A rana ta bakwai ƙaninta Sheriff ya zo a kan kekensa daga Jimeta. Ubansu ɗaya, uwa daban. Shi boko ya yi, akawu ne a ofishin ayyuka, yana zaune a Nassarawo da iyalinsa. Ya jingine keken, ya tsuguna ya gaishe ta da Adda, yadda Fulani ke kiran yaya, ya dubi tarin takardun.

"Adda, akwai wasu baƙi a gidan saukar baƙi na Jimeta," ya ce. "Daga jami'ar Zariya suke, ma'aikatan laburare. Suna bin gari gari suna neman tsofaffin littattafai na hannu. Wanda ya yarda su ɗauki hoto su mayar masa, wanda ya ga dama ya ba su ajiya. An ce har gyara suke yi."

"Littattafan Baba ba kayan talla ba ne."

"Ba saye suke ba."

"To me za su yi da su? Su sa a gilashi Turawa su zo kallo?"

"Ni ban sani ba, Adda. Amma ke binnewa za ki yi. Su zo su gani mana, in ba ki gamsu ba ga ƙyallenki nan."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Sheriff ya san yayarsa, don haka bayan kwana biyu da safe sai ga Landiroba a ƙofar gida.

Mutum biyu suka shigo. Namijin, Malam Lawal, Bazazzage ne siriri mai tabarau, ya gaishe ta da ladabi har ya yi wa Goni addu'a da sunansa. Macen ba ta wuce shekara talatin ba, da siket da riga da ɗankwali, riƙe da wani akwatin katako. Ta ce sunanta Rhoda, 'yar Numan ce, ita ke gyaran takardu. Hajja ta dubi ƙaninta. Bai gaya mata da Kirista za a zo ba.

Rhoda ta ajiye akwatinta, ta roƙi ruwa da sabulu ta wanke hannu har guiwar hannu, ta tsane su tas. Da ta zo gaban tabarma sai ta nuna jar gafakar da ke gefe.

"Hajja, wannan Alƙur'ani ne?"

"Shi ne."

"To ni ba zan taɓa ba, Malam zai duba. Sauran, in kin ba ni izini."

Hajja ta ɗaga mata kai. Ta ja kujerarta ta zauna daf da ita, da niyyar ta sa ido.

Abin da ta gani ya sa ta manta da sa idon. Rhoda ba ta ɗaukar takarda da yatsa. Wata siririyar wuƙar ƙashi take zurawa a ƙarƙashi, ta ɗago ta a hankali, ta kwantar a kan wata farar takarda mai shan ruwa, ta rufe da wata. Inda laka ta bushe sai ta share da buroshi mai laushi kamar gashin jariri. Waɗanda suka manne da juna ba ta ɓamɓare su ba, ta naɗe su yadda suke. Da ta iso kan gafakar da gara ta ci, wadda Modibbo ko dubawa bai yi ba, ta daɗe a sunkuye tana leƙawa.

"Takarda ɗin nan yana da rai har yanzu, Hajja," ta ce, da Hausarta ta bakin Binuwai. "Gara ya ci gefe ne, bai kai ga rubutu sosai ba. Zai ɗauki lokaci, amma ba na binnewa ba ne."

Shi kuma Malam Lawal yana gefe yana ɗaukar shafi ya karanta layi biyu ya ajiye, yana ta gyaɗa kai. Ya ce akwai fiƙihu, akwai nahawu, akwai waƙoƙin wa'azi da Fulatanci da wasu da Barbarci, akwai kuma wasiƙu tsakanin Goni da malaman Borno. Ya ce ya yi shekara shida yana wannan yawo, bai taɓa samun wasiƙu irin waɗannan daga Yola ba.

Azahar ta yi, Hajja ta sa aka kawo musu tuwo da miyar kuka. Suna ci Malam Lawal ya bayyana mata yadda abin yake. In ta so, ajiya ce, duk ranar da ta nema a dawo mata da kayanta. In kuma ta so, kyauta ce, su zama na laburare, a rubuta sunan mahaifinta a kansu, duk ɗalibin da ya zo ya karanta.

"Ana karantawa da gaske?" ta tambaya. "Ba ajiyewa kawai ake yi ba?"

"Ana karantawa, Hajja. Ba kullum ba, ba kuma mutane da yawa ba, kada in yi miki ƙarya. Amma ana zuwa. Wani daga Sakkwato, wani daga Ilori, wani ma daga ƙasar waje."

Ta yi tunanin shekara ashirin da biyu da littattafan suka yi a rufe, ba wanda ya amfana da su sai gara. Ta dubi Sheriff, tunda shi ma gadonsa ne. Ya ce duk abin da ta yanke shi ke nan.

"Alƙur'anin zai zauna a gida," ta ce. "Sauran na bayar. Allah ya kai ladan kabarinsa."

Malam Lawal ya fito da takarda da tawadar dangwale. Ta ture tawadar, ta karɓi alƙalaminsa ta rubuta sunanta da ajami. Da la'asar aka ɗora kayan a Landiroba cikin kwalaye uku. Adakar ta rage a rumfa ba komai a ciki.

Bayan wata biyu wasiƙar godiya ta zo ta hannun Sheriff, daga nan kuma shiru. Rani ya zo ya wuce, wata damina ta kama. A unguwa aka yi ta magana. Wasu suka ce Hajja ta ba wa 'yan boko gadon ubanta, wasu suka ce tuni an haye da littattafan Ingila. Wata tsohuwa da ta zo sayen humra ta ce mata a fuska, da an bi maganar Modibbo da yanzu an san inda suke. Maganar ta zauna wa Hajja a rai. Sau biyu ta ce wa Sheriff ya rubuta ya tambaya, sau biyu kuma ta ce ya bari.

Wata goma sha biyar bayan tafiyarsu, Sheriff ya zo da wata wasiƙar. Malam Lawal ne ya rubuto. Ya ce an gama aikin, kuma akwai abin da suke so Hajja ta gani da idonta, ba na rubutawa a wasiƙa ba ne. In za ta iya tafiyar, akwai masauki.

"Ko wani abu ya lalace ne suke so su ba ni haƙuri?" ta ce.

"Mai ba da haƙuri ba ya kiran mutum tun daga Yola, Adda."

Sheriff ya ɗauki hutu a ofis. Suka kama hanya ranar Asabar, suka haye Binuwai a jirgin fito na Numan, suka bi ta Gombe suka kwana a Bauchi wajen wani ɗan'uwansu, suka ratsa Jos da sanyinta. Ranar Litinin da safe suna gaban laburaren.

Rhoda ce ta taro su a bakin ƙofa. Ta durƙusa ta gaida Hajja, ta karɓi jakarta, ta bi da su ta cikin wani dogon zaure cike da samari da 'yan mata kowa ya sunkuya a kan littafi, ba mai ko tari. Daga can ƙarshe akwai wata ƙofa a kulle. Ciki da sanyi, ba ƙura, ba warin komai. Kabad-kabad na ƙarfe sun jeru har bango. Malam Lawal ya ce kabad ɗin wani attajirin Kano ne ya saya musu, na'urar ɗaukar hoto kuma wani tsohon malamin makaranta ne ya bar wasiyya a saya. Kusan duk abin da ke ɗakin, in ji shi, wani ne ya bayar.

Ya buɗe kabad ɗaya. Kwalaye masu ruwan toka guda goma sha ɗaya, kowanne da rubutu a goshinsa da boko da Larabci. Sheriff ya karanta mata: Tarin Goni Zarami na Yola, kyautar Hajja Hamsatu da Malam Sheriff.

Aka sauke su a kan tebur ana buɗewa. Littafi tara aka fitar daga cakuɗen nan nata, da wasiƙu talatin da huɗu. Malam Lawal ya ce wata bakwai ya yi yana bin kalmar gindin shafi yana neman 'yar'uwarta, shafi goma sha uku ne kawai ya rasa inda za su shiga. Inda gara ta ci, an cike da wata takarda siririya har mutum na ganin yatsansa ta ciki. Hajja ta riƙa shafa gefen kwalin tana cewa madalla, madalla. Ta ɗauka abin da aka kira ta gani ke nan, kuma ya ishe ta.

Sai Malam Lawal ya jawo kwali na ƙarshe, ya zauna.

"Hajja, wannan daga gafakar da gara ta fi ci ya fito. Littafin tsarki da salla ne, shafi ɗari da sittin. Tun da na fara jera shi na ga ba hannun Goni ba ne. Dubi nasa." Ya ajiye wata wasiƙa a gabanta, rubutu manya-manya masu kauri irin na Barebari, wanda ta sani tun tana yarinya. "Dubi wannan kuma."

Rubutu ne ƙanana, a tsaye, layi a miƙe kamar an ja zare. An yi wasulla da jar tawada.

"Mun ɗauka wani ɗalibinsa ne. Mai kwafe littafi yakan rubuta sunansa a shafin ƙarshe, mu kuwa ba mu ga shafin ƙarshen ba. Ashe ya manne da fatar gafakar daga ciki. Rhoda ce ta lura."

"Sati uku na yi ina ɗaga shi," in ji Rhoda. "Kullum kaɗan. In na yi sauri, tawada zai zauna a fata."

Ta zaro shafin daga tsakanin fararen takardu biyu ta ajiye. Ya yi duhu, gefensa ɗaya ya tafi, amma rubutun ƙasa, wanda aka tsuke shi kamar bakin mazurari, yana nan. Malam Lawal ya gyara tabarau ya karanta da Larabci, sannan ya fassara a hankali.

"An gama, da godiyar Allah, ranar Alhamis cikin watan Rajab, shekara ta dubu da ɗari uku da talatin da ɗaya. Wadda ta rubuta, Mairam 'yar Goni Bukar, matar Zarami. Allah ya gafarta mata da iyayenta. Wanda ya ga kuskure ya gyara, kada ya zarge ni, don na rubuta rabinsa da 'yata Hamsatu a cinyata, ita kuwa ba ta barin alƙalami ya zauna lafiya."

Sheriff ya cire hularsa ya riƙe.

"Sake karantawa," in ji Hajja.

Ya sake.

"Daga inda ta ce wanda ya ga kuskure."

Ya sake daga nan. Ta miƙa hannu za ta taɓa shafin, ta tsaya ta dubi Rhoda. Rhoda ta ce ta taɓa, ba komai. Ta ɗora yatsa a kan sunan, ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, mim, ra, ya, mim. Waɗannan kam ta iya karanta su da kanta. Shekara kusan sittin abin da ta sani game da matar nan shi ne gajeriya ce mara magana. Ashe malama ce. Ashe tana da ban dariya. Hawaye suka zubo mata, Rhoda ta yi maza ta janye shafin gefe, sannan ta ji kunyar abin da ta yi ta fara ba da haƙuri. Hajja ta yi dariya cikin kukan ta ce, "Janye, 'yata. Aikinki ne."

Da ta natsu, Rhoda ta buɗe wani shafi a tsakiyar littafin ta nuna mata inda tawada ta goge ta yi jirwaye har layi biyu, aka sake rubuta su a gefe. Malam Lawal ya ce shi ba zai rantse a kan abin da ya jawo wannan ba, hannun riga ma yana yin haka. Hajja ta daɗe tana kallon wurin. Ba ta nemi ya rantse ba.

"Hajja," in ji Malam Lawal daga baya, "na yi magana da shugaban laburare. Lokacin da kika ba da kyautar nan ba ki san da wannan a ciki ba. In kina son littafin, naki ne. Yau ma sai ki tafi da shi."

Ta so shi. Har ta ga inda za ta ajiye shi a ɗakinta. Ta ce a ba ta zuwa gobe.

Da yamma a masauki ta zauna a baranda da Sheriff. Ya ce ta karɓa mana, wa zai ga laifinta. Ta ce ba laifi take gudu ba. Ta ce ita yanzu saura nawa, kuma in ta mutu wa zai riƙa dubawa, 'ya'yanta da ko ajami ba su iya ba? Ta ce matar nan ta zauna da goyo ta rubuta shafi ɗari da sittin, har tana roƙon mai karatu ya gyara mata kuskure. Wanda ya rubuta haka, mai karatu yake jira.

Washegari ta koma ta ce littafin ya zauna. Amma tana da buƙata biyu. Ta farko, a gyara rubutun goshin kwalin nan ɗaya, a sa sunan mai shi. Malam Lawal ya ɗauko sabuwar takarda a take, ya rubuta Mairam 'yar Goni Bukar da Larabci da boko, Rhoda ta manna. Ta biyun ma ba ta kai ga faɗa ba, Rhoda ta fito da wani ƙunshi daga aljihun tebur. Abin da za ta roƙa ke nan: hoton littafin ne gaba ɗaya, shafi bayan shafi, an ɗinke da bango mai ƙarfi. Tun watan jiya suka shirya shi.

Hajja ta rungume ƙunshin. Ta yi wa Malam Lawal addu'a har ya sunkuyar da kai. Da ta juyo kan Rhoda sai ta kama hannuwanta biyu ta riƙe, tana jujjuya su.

"Mahaifiyarki na da rai?"

"Tana nan a Numan, Hajja. Keturah sunanta, tana sayar da busasshen kifi kusa da mafitar jirgin fito."

"Kin gaya mata irin aikin da kike yi?"

Rhoda ta yi murmushi. "Ta san ina aiki a jami'a. In na ce mata tsohon takarda nake liƙewa, sai ta ce duk karatun nan a kan wannan ya ƙare."

A hanyar komawa, da jirgin fito ya sauke su a Numan, Hajja ta ce wa Sheriff su bar motar ta wuce, sa hau ta gaba. Ya ce rana tana yi, ta ce ta gani. Suka bi rumfunan masu kifi suna tambaya har aka nuna musu wata doguwar mata mai furfura tana korar ƙuda da mafici. Matar ta miƙe a tsorace da ta ji daga Zariya suke, ta ɗauka wani abu ya sami 'yarta.

"Lafiyarta ƙalau," in ji Hajja. "Gaishe ki na zo yi."

Keturah ta ture kwandon kifi ta ba ta benci. Hajja ta goge hannunta da gefen mayafi, ta kwance ƙunshin, ta buɗe shafin ƙarshe a kan cinyarta. Ta ba ta labarin tun daga bangon da ya zube, da Hausa, inda Hausar ta ƙi ta sa Fulatanci. Keturah ba ta iya karatu ba, na boko ko na Larabci, amma ta sunkuya tana kallon rubutun har aka gama.

"Rhoda ne ya ciro wannan?"

"Ita ce. Sati uku."

Keturah ta girgiza kai. "Tun yana ƙarami haka yake. In an ba shi tsintar ƙaya a kifi, sai kowa ya gama ci shi bai gama ba. Na sha dukansa a kan haka."

Suka yi dariya su biyun. Keturah ta zaɓi manyan kifi huɗu ta naɗe a takarda, Hajja ta ce ba don wannan ta zo ba, Keturah ta ce ta sani, ta cusa wa Sheriff a hannu. Ta rako su har bakin titi, ta tsaya tare da su a inuwar wata ɗorawa har motar Yola ta zo.